Sakaran fim da ya ceci gari bisa kuskure, jarumi ne ko mai sa'a?

Ƙanena na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai. Kace musu ya kaure tsakaninka da abokinka a teburin mai shayi a Anguwan Rogo har shayinku ya huce, wai idan a fim aka samu wani sakarai mai rawar kai wanda duk abin da ya taɓa sai ya ɓare, sai kuma garin tuntuɓensa ya kayar da bos ko ya ceci gari, ko kuma labarin yace dama can shi aka ƙaddara zai yi, to a kira shi jarumi ko kuwa. Ka kawo misalin Jar Jar na fim ɗin Star Wars da pandan nan Po na fim ɗin Kung Fu Panda. Kai kace jarumai ne tunda ta dalilinsu aka tsira, shi kuma yace tsintar dami a kala ce kawai.

Ni dai sana'ata tace fim ce, na daɗe gaban kwamfuta ina yanka ina haɗawa, kuma ina koya wa yara rubutun labarin fim a nan Jos, wannan musun naku kusan duk shekara sai an yi shi a ajina. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, sai dai shi ma ya yi kuɗin goro, ya zuba mutum biyun da ka ambata a kwando ɗaya alhali ba tafiyarsu ɗaya ba.

Akwai wani tarko da Hausa ta ɗana mana tun farko. Mu kalmar jarumi aiki biyu take yi, ana cewa jarumi ga wanda ya yi abin bajinta, ana kuma cewa jarumi ga duk wanda fim ya rataya a wuyansa ko da kuwa matsoraci ne na ƙarshe. Jaruman Kannywood muke cewa har da wanda bai taɓa kashe ko sauro a fim ba. Da muna yara a gidan kallo ba mu da wannan ruɗanin, akta ne da bos, kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa. To in nufinka akta, babu musu, sakarai na iya zama akta. Abin da nake magana a kai shi ne ɗaya ma'anar, gwarzo, sadauki, wanda ya cancanci a yi masa kirari.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru a ajina, don da shi na fi gane wannan magana fiye da duk littattafan da na karanta. Wasu ɗalibaina sun ɗauko ɗan gajeren fim a gefen kasuwar Farin Gada, minti huɗu ko biyar. Labarin yaron mota ne mai garaje, tun safe ya zubar da shayin ubangidansa, ya taka kwandon tumatir, an zage shi tas. Can sai wata a-kori-kura da aka ajiye a gangara ba a kafa mata dutse ba ta fara silalowa da baya a hankali, ga wata yarinya mai tallan gyaɗa a tsugune bayanta tana ƙirga canji. Yaron motar ya taho da buhun dankali a ka, ya harɗe da igiyar takalminsa ya kife, buhun ya faɗa daidai bayan taya, mota ta tsaya cak. Da muka haska wa aji kowa ya fashe da dariya, har da masu buga tebur.

Da daddare na zauna ina duba ragowar hotunan da ba su yi amfani da su ba, sai na tsinci wani guntun hoton fuskar yaron na kusa, bai fi sakan biyu ba, ya ƙura wa wani abu ido ya ɗan haɗiye yawu. Wallahi mai suyar awara yake kallo a tsallaken titi, yunwa yake ji yana jiran darakta ya ba da umarni. Na ɗauko wannan guntun na saka shi kafin faɗuwar, na bi shi da hoton yarinyar da tayar motar na matsowa, sannan faɗuwar da buhun. Ban canza komai ba bayan wannan. Washegari na haska wa wani ajin daban, tsit kake ji, da motar ta tsaya sai tafi. Wata ɗaliba da ta ga duka biyun ta ce min, Malam ai wannan ha'inci ne. Nace mata ƙwarai kuwa, sana'ar kenan.

Ka duba, buhu ɗaya ne, yarinya ɗaya, faɗuwa ɗaya, sakamako ɗaya. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu ɗan kallo ya yarda yaron ya gani kafin ya faɗi. Masu harkar fim sun daɗe da sanin wannan, wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya gwada shi kimanin shekara ɗari da suka wuce, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda ya riƙa haɗa ta da kwanon miya, da akwatin gawa, da wata mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can, sha'awa a can, alhali fuskar ba ta motsa ba. To ni duk fim ɗin da aka kawo min aka ce wane ya yi jarumta, wannan sakan biyun nake nema. Ya ga haɗarin? Yana da hanyar gudu? Ya tsaya duk da haka, kuma don wani ya tsaya ba don cikinsa ba? In na rasa wannan wurin a fim ɗin to duk kiɗan da za a sa masa a baya ba zai ruɗe ni ba.

Kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, dariyar kanta a kan rashin saninsa aka gina ta. Ɗauki ɗan wasan barkwanci Charlie Chaplin a fim ɗinsa Modern Times na 1936. Jar tuta ta faɗo daga bayan wata babbar mota, ya ɗauka yana bin motar yana kaɗa ta don direba ya tsaya ya karɓi kayansa, sai ga taron ma'aikata masu zanga-zanga sun shawo kwana sun jeru a bayansa, shi bai ma waiwaya ba, 'yan sanda suka zo suka cafke shi a matsayin jagora. Me ya sa muke dariya? Don mu muna ganin abin da ke bayansa shi ba ya gani. Da a ce ya waiga ya gan su, ya ɗan yi jim, sannan ya ƙara ɗaga tutar, to dariya ta mutu nan take, an koma wani fim ɗin daban. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai wuri ɗaya ba ya ɗaukar abu biyun nan a lokaci guda, rashin sani abincin barkwanci ne, jarumta kuma ba ta tsayuwa sai da sani.

Yanzu mu zo kan Jar Jar. Fim ɗin na 1999 ne, George Lucas ya shirya, Ahmed Best ne ya taka rawar. Mutanensa sun kore shi daga garinsu na ƙarƙashin ruwa saboda ɓarnar da yake yi. A yaƙin ƙarshe ƙafarsa ta sarƙe da wayoyin wani karyayyen sojan ƙarfe, yana ta tsalle yana neman ya yakice shi, bindigar na tashi tana kayar da wasu sojojin ƙarfen. Can kuma yana gudun tsira ya ɗafe bayan wani amalanke, ƙofar ta buɗe manyan ƙwallayen wuta suka gangaro kan abokan gaba. A duka biyun gudu yake yi, babu inda ya nufi kowa da komai. Da aka naɗa shi janar ma sumewa ya yi, da aka kewaye su kuma bai ɓata lokaci ba ya ɗaga hannu sama. Wannan faɗuwa ce ta zo daidai da zama, abokinka ya yi gaskiya a nan ɗari bisa ɗari.

Amma in za a yi masa adalci akwai abin da ya yi da saninsa. Shi ya kai wasu baƙin mayaƙa biyu garin da aka kore shi alhali ya san hukunci na jiransa, ko da yake sai da suka tsorata shi da abin da ke biye da su sannan ya yarda. Shi ya gaya wa sarauniyar da aka mamaye wa ƙasa cewa mutanensa na da runduna, shi kuma ya kai ta maɓoyarsu har aka ƙulla ƙawancen da ya sa aka iya yaƙin. In akwai ɗan abin yabo a tare da shi to a nan yake, wurin da babu tsalle babu harbi, kuma abin haushi wurin ne ba wanda yake tunawa.

Ga kuma inda hujjarka za ta juyo ta cije ka. A fim na gaba, na 2002, wannan Jar Jar ɗin ne ya miƙe a majalisa ya kawo ƙudurin a ba shugaban gwamnati Palpatine ikon gaggawa, ikon da mutumin ya taka ya zama sarkin zalunci daga baya. To in kace sakamako ne ma'auni, wanda aka tsira ta dalilinsa jarumi ne, sai ka yarda wanda aka halaka ta dalilinsa azzalumi ne, kenan Jar Jar na cikin manyan mugayen labarin gaba ɗaya. Na san ba za ka yarda ba, za ka ce ai yaudararsa aka yi, bai san abin da zai biyo baya ba, niyyarsa mai kyau ce. To ka ga da bakinka ka dawo kan niyya da sani. Ba zai yiwu ranar da kuskurensa ya yi daɗi ka auna shi da sakamako, ranar da ya yi ɗaci ka auna shi da niyya ba.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, hadisin farko a Arba'una da duk ɗan Islamiyya ya haddace shi ne ayyuka na tafiya ne da niyya. A Suratun Nisa'i aya ta 92 da 93 an raba kisan kuskure da na ganganci, gawa ɗaya ce a ƙasa amma hukunci ba ɗaya ba, mai kuskure akwai diyya da kaffara, mai ganganci kuma nasa daban ne mai tsanani. Abin da ya burge ni a nan, ba a ce mai kuskure ya kaɗe rigarsa ya tafi ba, an ɗora masa nauyi, sai dai ba a kira shi da sunan da ake kiran ɗayan ba. To juya shi ta ɓangaren alheri. Wanda buhunsa ya tsayar da mota bisa tuntuɓe, uwar yarinyar nan ta kai masa tukwici, ta sa masa albarka, ta riƙa gaishe shi har ƙarshen rayuwarta, duk ya halatta kuma ya dace don ta hannunsa Allah ya kawo sauƙi. Kirarin gwarzo ne dai ba nasa ba. Tukwici da kirari su ne kuka cakuɗa a teburin mai shayi.

Har ma akwai mataki na gaba da wannan, hadisin da ke cikin Muslim na mutumin da ya yi yaƙi har aka kashe shi amma don a ce masa jarumi ya yi, aka ce masa ai an riga an faɗa. Wanda ya shiga da saninsa ya ba da ransa ma sai da aka leƙa cikin zuciyarsa, balle wanda igiyar takalmi ta kayar. Turawa ma da suka zo kafa ma'auni nan suka biyo, Aristotle, masanin falsafa na Girka, tun kafin haihuwar Annabi Isa da sama da shekara 300 ya ce yabo da zargi na hawa ne kan abin da mutum ya yi da son ransa, ya kuma ajiye jarumta a tsakanin tsoro da wauta. Lambar yabon jarumta da attajiri Andrew Carnegie ya kafa a Amurka a 1904 har yau sharaɗinta shi ne mutum ya jefa ransa cikin haɗari da zaɓinsa don ceton wani.

To amma kar abokinka ya yi saurin murna, don shi kuskurensa shi ne yana ganin sakarci da jarumta ba sa haɗuwa a jikin mutum ɗaya. Suna haɗuwa sosai. Kalli Forrest Gump na 1994, mutumin da tun yana yaro aka auna ƙwaƙwalwarsa aka ce ba ta kai ta shiga makarantar gwamnati ba. Rabin abin da ya same shi a fim ɗin sa'a ce tsagwaronta, ya buga waya yana ƙorafin wasu masu tocila a ginin da ke kallon ɗakinsa sun hana shi barci, ashe ɓarayin Watergate ya tona, badaƙalar da ta sa shugaban Amurka ya yi murabus, guguwa ta farfasa jiragen kamun kifin kowa ta bar nasa ya yi kuɗi. Duk wannan tsuntsu daga sama gasasshe ne. Amma a yaƙin Biyetnam da aka yi musu kwanton ɓauna ya ruga ya fita, ya tsira sarai, sai ya duba bai ga abokinsa Bubba ba, ya juya ya koma cikin ruwan harsashi. Duk komawar da zai yi sai ya ci karo da wani mai rauni ya saɓo shi ya fito da shi, har da ogansa da ke zaginsa yana cewa ya ƙyale shi a nan, aka harbe shi a ɗuwawu, aka gaya masa jirage na zuwa su yi ruwan wuta a wurin, ya sake komawa. Wannan ba wanda zai ce min sa'a ce. Ya fita, ya san abin da ke ciki, ya koma. Jarumta ba ta neman digiri, ta ishe ka ka san wuta na ƙuna.

Labarin Bayajida ma in ka duba shi da idon mai tace fim haka yake. Yadda ake ba da shi, baƙo ne ya sauka Daura da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ba ceton gari ya kawo shi ba, ƙishi ne. Wani zai ce to ai shi ma dace ya yi. Amma ka tuna tsohuwar ta gaya masa akwai maciji a rijiyar Kusugu, ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya ji da kunnensa sannan yace ta ba shi guga. Wannan maganar ta tsohuwa ita ce sakan biyun nawa. Cire ta daga labarin, a ce ya je rijiya bai san komai ba, ya zura guga ta faɗa kan maciji ta kashe shi, kaga labarin ya koma tatsuniyar Gizo. Kuma ka lura da abin da ya faru da gari ya waye, mutane suka yi ta fitowa kowa na cewa shi ya kashe, aka ce a kawo kan, sai wanda ya yi aikin ne kaɗai ke da shi a jaka.

Waɗannan masu cewa ni ne su suka fi yawa a finafinan camama namu. Irin rawar da marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya ƙware a kai kenan kafin rasuwarsa a Disambar 2014, mutum ya cika baki a gaban jama'a, abu na tasowa ya zama na farko wurin ranta a na kare, in kuma sa'a ta sa abin ya warware da kansa sai ya dawo yana gyara hula yana ba da labarin yadda ya yi da su. Ba wanda ya taɓa fitowa daga kallon irin wannan yana cewa ya ga sadauki, kuma ba wanda ya ji an cuce shi, don fim ɗin bai yi mana ƙarya ba, tare da mu yake dariya. Inda nake jin haushi shi ne fim ɗin da zai ba sakarai nasarar tuntuɓe sannan ya sa masa kiɗan tausayi da tafiyar sannu-sannu yana so in yi hawaye. Wannan cin bashi ne ba a biya ba.

Saura maganar ƙaddara, wadda ita ce ta fi zurfi a tambayar taka. Po na Kung Fu Panda, 2008. Ɗan gidan mai sayar da taliya ne, ƙato, ko matakala ba ya iya hawa sai da haki. Ya ɗaura kayan wasan wuta a jikin kujera don kawai ya leƙa bikin da aka rufe masa ƙofa, abin ya cilla shi sama ya faɗo daidai gaban yatsan tsohon kunkurun da ke shirin nuna zaɓaɓɓen mayaƙi, kunkuru yace shi ne, kuma ya dage cewa babu wani abu wai shi haɗari. To zaɓen nan kam Po ba shi da ko sisi a ciki, faɗowa ya yi. Da fim ɗin ya tsaya a nan da abokinka ya cinye musun.

Sai dai ƙaddara ba ta iya zama ma'aunin jarumta, dalili kuwa ta game kowa. Wanda ya tsaya da ƙaddara ya tsaya, wanda ya gudu shi ma da ita ya gudu, bos ɗin kansa a cikinta yake. Abin da ya rufe kowa daidai ba zai rarrabe maka wane da wane ba. Ka tuna lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya yanke a koma, Abu Ubaida yace gudu daga ƙaddarar Allah? Ya amsa masa da cewa eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya kawo masa misalin mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kai su da ƙaddara ya kai su. Ma'ana imani da ƙaddara bai ɗauke wa makiyayi zaɓen inda zai kora dabbobinsa ba, kuma a kan wannan zaɓen ake ce masa ya iya kiwo ko bai iya ba.

To Po me ya yi bayan faɗowar? Malaminsa ya yi ta jibgarsa don ya gaji ya tafi, ya ƙi tafiya. Da ya ji labarin bos ya fasa kurkuku yana tafe, tsoro ya kama shi har ya nemi ya tsere, kuma wannan tsoron shi ya fi komai amfani a fim ɗin don shi ke nuna mana ya san girman abin. Daga ƙarshe aka buɗe takardar sirrin da kowa ya dogara da ita aka ga babu rubutu ko ɗaya a ciki, aka ce kowa ya kwashe kayansa a bar gari, shi ma ya bi ayari. Ga hanya a buɗe, ba wanda zai zarge shi, alƙawarin ƙaddarar ma ya zama kamar wasa. A nan ne ya juya ya hau matakalar nan ya je ya tari mutumin da ya riga ya lallasa manyan ɗalibai biyar. A faɗan kansa akwai sa'a da shirme da yawa, tumbinsa ma ya yi rabin aikin, amma ƙafar da ta kai shi wurin tasa ce.

Mu masu rubutu kuma mun san wani abu da ɗan kallo ke mantawa, a cikin fim ƙaddara hannun marubuci ce. Ni ne nake sa igiyar takalmi ta kunce, ni nake ajiye motar a gangara. Akwai ƙa'idar da ake yawan faɗa wa masu koyo, ka yi amfani da katari ka jefa mutum cikin masifa ba laifi, amma ka yi amfani da ita ka fitar da shi to ka yi satar hanya. Barkwanci ne kaɗai aka ɗaga wa ƙafa a wannan, don shi satar hanyar ce abin dariyar. Galibin sikirif ɗin da ɗalibai ke kawo min cutarsu kenan, an ɗaure akta tamau an rasa yadda za a kwance shi, sai kawai bos ya zame a ɓawon ayaba, ko a ce dama wani malami ya faɗa tun yana jariri. In na tambaya me yaron nan ya zaɓa da kansa tun daga shafin farko zuwa na ƙarshe sai a yi shiru ana sosa ƙeya.

Kuma mu mutanen Filato bai kamata wannan ma'aunin ya yi mana wuyar ganewa ba, mun ga na gaske a kusa da mu. A watan Yunin 2018 da aka kai hare-hare ƙauyukan Barikin Ladi, mutane suka gudo Nghar Yelwa, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara 83 a lokacin, ya buɗe gidansa da masallacinsa ya ɓoye mutum 262, galibinsu Kiristoci, ya fito ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi ba su hanya, yana roƙonsu har yana cewa su ɗauki ransa a madadin na baƙinsa. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo kan haka. Cewa masallacinsa ne ke kan hanyar masu gudun, wannan ƙaddara ce, bai zaɓa ba. Fitowa ƙofa kuwa ya san abin da ke hannun mutanen nan, kuma yana iya rufe ɗakinsa ya yi shiru ba wanda zai ce masa don me. In na sa wannan a gefe ɗaya, na sa mai tsalle da waya a ƙafa a ɗaya gefen, bakina ba ya iya kiran su da suna ɗaya.

Don haka ka koma wurin abokin naka ku raba kuɗin shayin biyu. Na Jar Jar kai za ka biya, in ban da ɗan wurin nan da ya kai sarauniya maɓoyar mutanensa, wannan ka riƙe shi ka samu ragin kuɗin burodi. Na Po kuma shi zai biya, kuma kace nace a soya maka ƙwai biyu a kai.